Hawa, Bazuwa da Sauke Kaya: Hanyoyin Juyin Halitta a Tsirrai da Dabbobi

Da za a tara mutane a tambaye su wace ce ta fi ci gaba tsakanin giwa da tsila, wato doguwar tsutsar nan mai faɗi da ke zama a hanjin mutum da na dabba, da wuya wani ya tsaya dogon tunani. Giwa tana da ƙwaƙwalwa mai nauyin kusan kilo 5, da zuciya mai ɗakuna huɗu, tana gane 'yan garkenta, tana rainon ɗanta shekara da shekaru. Tsila kuwa ba baki, ba hanji, ba ido. Sai dai masanin halittu ba zai amsa ba sai ya mayar da tambaya: ci gaba ta wace fuska? In ta fuskar ginin jiki ne, giwa ce, ba musu. In kuwa ta fuskar yawa da yaɗuwa da rassan zuriya ne, labari ya sha bamban. Dangin giwa sun taɓa cika Afirka da Asiya da Turai da nahiyar Amurka, an tono burbushin nau'o'insu fiye da 150, amma yau uku kacal suka rage, biyu a Afirka, ɗaya a Asiya. Ita kuwa tsila, nau'o'inta da aka sani sun kai dubbai, kuma daga kifi har tsuntsu babu wani babban rukunin dabbobi masu ƙashin baya da ba shi da irin tsilarsa.

Yawancinmu mun ɗauka sauyawar halittu layi ɗaya ne miƙaƙƙe, daga ƙarami zuwa babba, daga mai sauƙin gini zuwa mai sarƙaƙiya, duk wanda bai hau ba kuma an bar shi a baya. Burbushin da ke cikin duwatsu bai nuna haka ba, halittun da ke raye ma ba su nuna haka ba. Masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin ya bayyana a 1859 yadda sauyin yake faruwa: 'ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai da juna, ana haifar fiye da abin da muhalli zai iya ciyarwa, waɗanda siffarsu ta fi dacewa da wurin su suka fi tsira su bar baya, siffar kuma ta bi jini. Wannan shi ne zaɓin yanayi. To idan wannan aiki ya yi ta gudana shekaru miliyoyi, ina yake dosa? Wanda ya tsara amsar da har yau ake koyarwa shi ne masanin ginin jikin dabbobi ɗan ƙasar Rasha, Aleksei Severtsov, wanda ya rayu daga 1866 zuwa 1936, daga baya ɗalibinsa Ivan Schmalhausen ya faɗaɗa ta.

Severtsov ya fara ne da raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa: ci gaban jiki daban, ci gaban zuriya daban. Zuriya tana ci gaba idan yawanta na ƙaruwa, yankin da take zaune na faɗaɗa, tana kuma rarrabuwa zuwa sababbin nau'o'i. Tana komawa baya idan aka ga akasin haka, ƙarshen komawar kuwa shi ne ƙarewa. Sannan ya nuna cewa manyan hanyoyi uku ne ke kai zuriya ga ci gaba. Ta farko hawa ce, wadda ya kira aromofosis, wato sauyin da ke ɗaga tsarin jiki baki ɗaya ya buɗe wa halitta duniyar da a da ba ta iya shiga. Ta biyu bazuwa ce, ƙananan gyare-gyare na dacewa da wani abinci ko wani muhalli ba tare da tsarin jiki ya ɗaga ba. Ta uku sauke kaya, inda halitta ke zubar da gaɓoɓin da ba ta buƙata ta koma mai sauƙin gini. Kamar gidan bene ne: wani ya ɗora sabon hawa, wasu su yanka ɗakuna iri-iri a hawan da aka ɗora, wani kuma ya sauko ƙasa ya yi 'yar rumfa a jikin bangon maƙwabci, kuma dukansu sun samu wurin kwana.

Manyan hawan farko sun faru tun kafin a san wani abu wai shi tsiro ko dabba. Wasu bakteriya sun fara haɗa abinci da hasken rana suna fitar da iskar oksijin, har ta fara taruwa a sararin sama kimanin shekaru biliyan 2.4 da suka wuce. Numfashi da oksijin yana fitar da ƙarfi daga sukari kusan ninki 15 a kan ruɓarwa ba tare da ita ba. Daga baya wata ƙwayar halitta ta haɗiye wata bakteriya mai numfashi da oksijin, ba ta narkar da ita ba, suka zauna tare, baƙuwar ta zama gidan samar da ƙarfi da ke cikin ƙwayoyin jikin kowace dabba da kowane tsiro a yau. Haka aka sake yi da bakteriya mai haɗa abinci da rana, ita ce ta zama koren abin da ke cikin ganye. Masaniyar halittu Lynn Margulis ta sha suka lokacin da ta kare wannan ra'ayi a 1967, yau kuwa ƙwayoyin gado sun tabbatar da shi. Sai haɗuwar ƙwayoyi da yawa su zama jiki ɗaya, da haihuwa ta namiji da mace wadda ke gauraya gadon iyaye biyu.

Inda labarin ya fi daɗin bi, a ganina, shi ne fitowa daga ruwa zuwa tudu, domin a nan ne tsirrai da dabbobi suka tarar da matsala iri ɗaya, suka kuma warware ta kusan iri ɗaya, alhali hanyarsu ta rabu tun da daɗewa.

Tsirran tudu sun samo asali ne daga wata koriyar gansakukar ruwan da ba na gishiri ba, alamunsu na farko kuma sun kai shekaru miliyan 470. A cikin ruwa gansakuka ba ta da damuwa: ruwa ya kewaye ta, ya ɗauke nauyinta, ya kai ƙwayar namiji wurin ta mace. A tudu duk ukun nan suka zama matsala. Maganin bushewa shi ne siririn rufi mai kama da kakin zuma a bayan ganye, tare da 'yan ƙananan ƙofofi masu buɗewa da rufewa don iska ta shiga ruwa bai tsere ba. Maganin nauyi da ƙishirwa shi ne jijiyoyin da ke jawo ruwa daga ƙasa zuwa sama, masu bango mai tauri, abin da ya zama itace. Da saiwa da jijiya suka samu, tsiron da bai wuce tsawon yatsa ba ya miƙe, kafin shekaru miliyan 380 da suka wuce har an samu dazuzzuka.

Amma haihuwa ta ci gaba da ɗaure su da ruwa. Har yau gansakukar tudu da tsiron fan, wani tsiro marar fure marar iri mai son laima, ƙwayar namijinsu iyo take yi a cikin laimar raɓa ko ruwan sama kafin ta isa ga ta mace. In babu laima babu zuriya. Abin da ya tsinke wannan igiya shi ne ƙurar fure da iri, waɗanda suka bayyana kimanin shekaru miliyan 365 da suka wuce. Ƙurar fure ita ce ƙwayar namiji a rufe cikin ɓawo mai hana bushewa, iska ta ɗauke ta. Iri kuwa jariri ne da guzurinsa a cikin kwasfa, yana iya jira har lokaci ya yi kyau. Jiran yana iya yin tsawo ƙwarai: ƙwallon dabinon da aka tono a kangon Masada a Gabas ta Tsakiya, mai shekaru kusan 2,000, an shuka shi a 2005 ya tsira. Sai hawa na ƙarshe, fure da 'ya'yan itace, waɗanda suka bayyana ƙarara kimanin shekaru miliyan 135 da suka wuce. Maimakon tsiro ya watsa ƙura ga iska yana fatan dacewa, sai ya ba ƙwaro zaƙi ya kai masa saƙo kai tsaye. Maimakon iri ya faɗi gindin uwarsa, sai ya naɗe shi da nama mai daɗi tsuntsu ko biri ya kai shi nesa. Akwai ma wani tattali da ba a cika lura da shi ba: tsiro mai fure ba ya fara tara guzurin iri sai ya tabbatar ƙwayar namiji ta iso. Sakamakon a bayyane yake. Tsirrai masu fure sun kai nau'i 300,000, kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran tudu, su kuwa masu iri marasa fure, irin su itacen fayin, ba su fi 1,000 da 'yan kai ba.

Akwai wani abu a wannan tarihi da ya cancanci a tsaya a kansa. Kowane tsiro yana da zango biyu a rayuwarsa, ɗaya mai fitar da ƙwayoyin namiji da mace, ɗaya mai fitar da ƙurar yaɗuwa. A gansakukar tudu, koren abin da ido ke gani shi ne zango na farko. A tsiron fan ya ƙanƙance ya koma ɗan ganye da bai kai farce ba. A tsiro mai fure kuwa ɓangaren namijinsa ƙwayoyi uku ne kacal a cikin ƙurar fure, na macen yawanci bakwai, a ɓoye can cikin gindin furen. Ashe hawan da ya fi kowanne girma a tarihin tsirrai, rabinsa raguwa ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hanyoyin uku ba katanga ce ta raba su ba.

Dabbobi sun yi nasu hawan a ruwa tukuna. Samun kai da jela, dama da hagu, ya tara ido da ƙwaƙwalwa a gaba inda dabba ke fuskanta. Hanji mai ƙofar shiga da ta fita ya sa ana iya ci ana narkarwa lokaci guda. Kusan duk manyan tsare-tsaren jikin dabbobi sun bayyana a duwatsun da suka kai shekaru miliyan 540 zuwa 500. A cikin masu ƙashin baya, muƙamuƙi ne ya fara raba gardama: kifayen da ba su da shi tsotso kawai suke yi, yau nau'insu 100 ne da 'yan kai, masu muƙamuƙi kuwa sun haura 60,000. Sai fitowa tudu. A 2004 wasu masu bincike, cikinsu har da Neil Shubin, suka je tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada, ba da ka ba, sai don sun lissafa cewa duwatsun tsohon rafi masu shekaru miliyan 375 su ne ya kamata su ƙunshi dabbar da ke tsakanin kifi da mai ƙafa huɗu. Suka tarar da Tiktaalik: kifi ne mai ɓawo da fiffiken iyo, amma yana da wuya, da faffaɗan kai, da ƙasusuwa a cikin fiffiken da suka yi daidai da dantse da sangali da wuyan hannu.

Kwaɗo da danginsa su ne takwarorin tsiron fan. Sun hau tudu, amma fatarsu sai da laima, ƙwansu sai a ruwa, talibambam kuma a ruwa yake rayuwa kamar kifi. Abin da iri ya yi wa tsiro, shi ƙwai mai ɓawo ya yi wa dabba kimanin shekaru miliyan 320 da suka wuce: jariri a cikin jakar ruwansa, da gwaiduwa ta zama guzuri, da jakar tara ƙazanta, da ɓawon da iska ke ratsawa amma ruwa ba ya saurin fita. Haɗuwar namiji da mace a cikin jiki ta yi aikin da ƙurar fure ta yi, busasshiyar fata mai ɓawo kuma ta yi aikin kakin ganye. Daga nan masu rarrafe suka shiga cikin ƙasa nesa da gaɓar ruwa. Bayansu zuriyoyi biyu, tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, kowace ta kanta, suka kai ga zuciya mai ɗakuna huɗu wadda ba ta gauraya jini mai oksijin da marar oksijin, da jiki mai ɗumin kansa, da rufin gashi. Masu shayarwa suka ƙara da nono, yawancinsu kuma da mabiyiya, ƙwan ya koma cikin uwa ɗungum. Ƙwari sun bi wata hanya dabam, da ƙashi a waje maimakon ciki, da fiffike tun kafin kowace dabba ta tashi sama, da rikiɗa daga tsutsa zuwa babba ta yadda ɗa da uwa ba sa takarar abinci ɗaya. Nau'o'insu da aka rubuta sun kai miliyan 1.

Kada a ɗauka hawa kyauta ne. Dabba mai ɗumin jini tana buƙatar abinci kusan ninki goma a kan mai rarrafe da suke girma ɗaya. Kada yana iya yin watanni bai ci ba, jaɓa kuwa in ta yi 'yan sa'o'i ba abinci sai ta mutu. Shi ya sa hawan wata zuriya bai taɓa share waɗanda ba su hau ba. Bakteriya ba su daina zama ƙwaya ɗaya ba tun shekaru biliyan 3.5, kuma har yau babu abin da ya kai su yawa ko yaɗuwa, daga ƙanƙarar kudancin duniya zuwa maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙarƙashin teku.

Hawa abu ne mai wuyar faruwa, ana iya ƙirga manyansa. Abin da ya cika duniya da launi da siffa iri-iri shi ne bazuwa. Tsuntsaye nau'i 10,000 da ɗoriya duk tsarin jikinsu ɗaya ne, zuciya iri ɗaya, huhu iri ɗaya, ƙwai iri ɗaya, amma dubi bakin shaho da na agwagwa da na zalɓe, dubi ƙafar jimina da ta mikiya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ƙasusuwan da ke fiffiken jemage su ne a ƙafar doki, su ne a hannun biri, su ne a fiffiken iyon dolfin; an ja wannan, an taƙaita wancan, an haɗe wasu. Wani lokaci abin yana gudu sosai. A Tafkin Biktoriya wasu ƙananan kifaye dangin karfasa sun rarrabu zuwa nau'i kusan 500 cikin shekaru 15,000 kacal, wani yana kankare gansakuka daga dutse, wani yana fasa katantanwa, wani ɓawon jikin 'yan'uwansa yake ci. Kuma idan muhalli ya yi tambaya iri ɗaya, zuriyoyin da ba su haɗa hanya ba sukan ba da amsa iri ɗaya. Kaktus na hamadar Amurka da dangin tinya da ƙerana na Afirka duk sun kumbura jiki don ajiye ruwa, sun rage ganye, sun yi ƙaya, alhali furensu ya nuna ba dangi ɗaya ba ne. Dabarar haɗa abinci ta musamman da masara da dawa da rake suke amfani da ita don jure zafi da ƙarancin ruwa ta ɓullo fiye da sau 60 a tsirrai daban-daban.

Sai dai bazuwa tana da tarko, wanda Schmalhausen ya ware masa suna na kansa: ƙwarewa mai tsanani a kan abu ɗaya. A 1862 Darwin ya ga wani fure daga Madagaska wanda zaƙinsa ke can ƙasan bututu mai tsawon kusan santimita 30, ya ce lalle akwai ƙwaro mai harshe da ya kai haka. A 1903, bayan rasuwarsa, aka bayyana ƙwaron. Abin sha'awa ne, amma a duba abin da ya ƙunsa: ran da ƙwaron ya ɓace, furen ba shi da ɗan aike. Koala ta dogara da ganyen turare, panda da gora. Muddin muhalli yana nan yadda yake, babu mai ja da ƙwararre a fagensa. In kiɗa ya sauya kuwa, shi ne ya fi kowa kasa sauya rawa.

Hanya ta uku ita ce wadda zuciya ba ta so ta kira ci gaba, ita ce kuma ta fi koyar da darasin Severtsov. Tsilar da ake ɗauka daga naman shanun da bai dahu ba tana zaune ne a cikin abincin da wani ya riga ya narkar, tana tsotsarsa ta fata, to hanji na mene ne? Duhu ne, ido na mene ne? Abin da ta rage a nan ta zuba shi a can: ƙoƙunan manne wa hanji, fatar da ruwan narkar da abinci ba ya ci, da haihuwa ta ban mamaki. Tsawonta yakan kai mita 5, da gaɓoɓi 1,000 zuwa 2,000, gaɓa ɗaya tana iya ƙunsar ƙwai har 100,000. Akwai wata halitta a teku mai suna Sacculina, dangin ƙaguwa da jatan lande ce, amma ba a gane haka sai an ga 'yar tsutsarta mai ƙafafu da iyo. Idan macen ta samu ƙaguwa, sai ta zuba wasu 'yan ƙwayoyin jikinta a ciki ta yar da sauran. Ƙwayoyin su yi zare-zare kamar saiwa su ratsa jikin ƙaguwar, su hana ta haihuwa, su fito da jakar ƙwai a ƙarƙashin cikinta, ƙaguwar kuma ta yi ta kula da jakar kamar nata ƙwan ne. Ba kai, ba ƙafa, ba hanji, amma zuriyar tana nan da ƙarfinta. Ba masu cin jikin wasu kaɗai ke sauke kaya ba. Akwai wasu dabbobin teku masu kama da jaka waɗanda jaririnsu yana da jela da igiyar baya irin ta masu ƙashin baya, da ya manne wa dutse sai ya narkar da su ya zauna yana tace ruwa har ƙarshen ransa.

A tsirrai ana iya ganin matakan saukar ɗaya bayan ɗaya. Kauci yana da koren ganye, yana haɗa abincinsa, ruwa da gishirin ƙasa kawai yake sata daga reshen da ya hau. Ƙuduji ya wuce nan: irinsa ƙanana ne kamar ƙura, ba guzurin kirki, ba ya tsira sai ya ji sinadarin da saiwar hatsi ke fitarwa, kuma tsiro ɗaya yana zubar da iri dubun dubata da ke iya jira fiye da shekara 10 a ƙasa. Can ƙarshen layin akwai Rafflesia ta dazuzzukan Sumatra da Borneo, ba ganye, ba kara, ba saiwa, zare ne kawai a cikin jikin wata kurangar daji, sai lokacin haihuwa ta fito da furen da ya fi kowane fure girma a duniya, faɗinsa kusan mita 1, mai warin mushe don jawo ƙudaje. Tsirrai masu cin jikin wasu sun kai nau'i 4,500, kuma ɗabi'ar ta ɓullo kusan sau 12 a zuriyoyi daban-daban. A dabbobi ta ɓullo fiye da sau 200. Ko ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana ɗauke da ragowar gaɓar haɗa abinci da rana, shaidar cewa kakanninta da hasken rana suke rayuwa. Hanyar da aka bi sau ɗaruruwa ba za a kira ta kuskure ba.

Ya kamata a bambanta wannan da rashin gaɓa ɗaya. Maciji ya rasa ƙafa, har yau mesa tana da 'yan ƙumba biyu kusa da jela inda ƙafafun baya suke, kifin kogo na Meziko ya rasa ido, ƙuma da ƙwarƙwata sun rasa fiffike, amma sauran tsarin jikinsu yana nan. Wannan bazuwa ce, ba sauke kaya baki ɗaya ba. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne abin da masani ɗan Beljiyam Louis Dollo ya lura da shi a 1893: gaɓa mai sarƙaƙiya in ta tafi ba ta dawowa yadda take. Kakannin wel, ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, masu ƙafa huɗu ne, an tono burbushinsu mai shekaru miliyan 50 a Pakistan, kuma dorina ce 'yar'uwarsu mafi kusa a yau. Sun koma teku, sun ɗauki siffar kifi, amma ba su dawo da numfashin kifi ba. Har yau da huhu suke shaƙa, da nono suke shayarwa.

Yadda hanyoyin suke bin juna, in ji Severtsov, shi ne hawa ya zo, bazuwa ta biyo baya ta daɗe, wasu rassa su sauke kaya, sannan daga wani reshe wani hawan ya sake tasowa. Wane reshe? Tun ƙarshen ƙarni na 19 masanin burbushin halittu Edward Cope ya lura cewa ba daga ƙwararru ba ne, daga ƙananan da ba su ƙware a komai ba ne. Masu shayarwa sun yi fiye da shekaru miliyan 130 a inuwar dinoso, dabbobi masu rarrafe da suka mamaye doron ƙasa a zamanin da. Mafi yawan masu shayarwan ba su wuce girman ɓera ba, suna cin abin da suka samu. Sai da dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko shekaru miliyan 66 da suka wuce, fili ya buɗe, sannan suka bazu.

A nan ne nake ganin tsarin Severtsov, duk da amfaninsa, yana iya ruɗar mai karatu. Yana sa mutum ya zaci hawa wani irin sauyi ne na daban, mai alama a goshi tun ranar da ya fara. Ba haka ba ne. Huhu bai fara don hawa tudu ba. Ya fara ne a kifaye a matsayin jakar haɗiyar iska, abin taimako inda oksijin ya yi ƙaranci a ruwa, kuma gaiwa tana nan tana amfani da shi a haka, har takan shige laka ta jira damina. Gashin tsuntsu bai fara don tashi ba. Tun 1996 ake tono dinoso masu gashi a lardin Liaoning na ƙasar Sin, da yawansu ba su taɓa barin ƙasa ba. 'Yan ƙasusuwan da ke cikin kunnen masu shayarwa, biyu daga cikinsu tsofaffin ƙasusuwan muƙamuƙi ne. Kowane ɗaya ƙaramin gyara ne na matsalar ranar, sai daga baya zuriya ta tarar ya buɗe mata ƙofa. Zaɓin yanayi ba ya hangen gobe. Mu ne muke waiwayowa bayan shekaru miliyoyi, mu ga wane gyara ne ya haifi rassa dubbai, mu sa masa suna hawa.

Haka ma komawa baya ba ta nufin jiki ya lalace. Dabbobin teku da ake kira tirilobayit suna da ido mai tabarau na dutse, sun yi kusan shekaru miliyan 270, an san nau'insu fiye da 20,000, suka ƙare a babbar halakar da ta faru shekaru miliyan 252 da suka wuce. Manyan itatuwan fadama masu tsawon mita 30 da suka zama gawayin kwal, danginsu na yau 'yan tsirrai ne da ake takawa. Itacen ginko nau'i ɗaya ya rage daga babban dangi, haka tuwatara mai kama da ƙadangare a Niyu Zilan. A zamaninmu ɗan Adam ne ke sauya muhalli da saurin da zuriyoyi da yawa ba sa iya bi. Wata tantabarar daji ta Arewacin Amurka da yawanta ya kai biliyoyi, ta ƙarshenta ta mutu a gidan zu a 1914. Giwan ruwan da aka saka a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓatar da kusan nau'i 200 na kifayen nan da suka bazu. Karkanda saura nau'i biyar. Waɗanda ke bunƙasa su ne masu cin komai, masu saurin haihuwa, masu jure zama kusa da mu: ɓera, kyankyaso, ciyayin gona, da bakteriyar da ta daina jin magani.

Shi kansa hawa bai tsaya ba. A 2024 masu bincike suka nuna cewa wata ƙaramar gansakukar teku mai ƙwaya ɗaya, Braarudosphaera bigelowii, tana ɗauke da tsohuwar bakteriya wadda ta zama gaɓar jikinta, tana rabuwa tare da ita, tana karɓar sinadaran gininta daga gare ta, aikinta kuma shi ne kamo iskar naitirojin ta mayar da ita abin ginin jiki. Kafin wannan, bakteriya da takwarorinsu marasa cibiyar ƙwaya kaɗai aka sani da wannan aiki. Wake da gyaɗa ma masauki kawai suke ba su a ƙulle-ƙullen saiwa. Irin haɗiyar nan ce da ta haifar da koren ganye ta sake faruwa. A ma'aunin Severtsov, yanzu gyara ne na 'yar zuriya guda, ba zai shiga layin hawa ba sai in zuriyar ta yaɗu ta yi rassa a kansa. Masana aikin gona dai sun riga sun sa masa ido, domin hatsin da zai iya kamo naitirojin da kansa zai rage buƙatar takin zamani ƙwarai.